Askin da Si Busalham ya yi wa farar sausan

Abin da Lalla Mannana ta rasa a shekarar nan ba ɓoyayye ba ne: kan farar sausan ɗari da arba'in da mijinta ya shekara goma sha tara yana tarawa, da layi biyu na shuɗiya, da kamu shida na katangar dutse. Abin da ta samu kuwa tudu ne guda na tsakuwa, da ƙanin miji wanda ya koyi kama bakinsa a gabanta har kusan wata biyu. Har yau in aka ce mata ta ci riba sai ta harari mutum, don ita a ganinta an cuce ta.

Gonar hawa biyu ce a bayan gidanta, a ƙauyen Ain Hajal, can sama da hanyar Tanja. Ba a shuka komai a ciki sai sausan, gajeriyar nan mai kai kamar albasa, wadda take fure da tsakiyar hunturu lokacin da sauran tsirrai suka sunkuyar da kai. Mijinta, marigayi Ayyashi, shi ne ya haƙo irin daga dutse, kaɗan-kaɗan. Kowace kaka masu kula da lambunan manyan gidajen Tanja sukan hawo saye, Mannana ta sa su gumi a kan farashi kafin su ga kofin shayi. Dokar shukar kuwa ko makauniyar ƙauyen ta san ta. Ba a zuba mata taki, ba a ba ta ruwa da rani, sannan fararen saiwoyin nan masu kauri kamar yatsun jariri da ke ƙarƙashin kan, ko ɗaya ba a karyawa, domin su ne rumbunta.

Ayyashi ya bar 'ya'ya mata biyu, duk suna ɗakin mazajensu, saboda haka gado ya nemo ƙaninsa. Si Busalham ya bar ƙauye yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya dawo yana da hamsin, da gashin baki kamar ƙahon rago, da jaka mai taya, da labarin cewa a Ispaniya ba a kafa lambu sai an ji ta bakinsa. Aka yi ƙuri'a da ƙwallon zaitun, tudun sama ya faɗo masa. A tudun saman nan farar sausan take.

Mannana ba ta yi wata-wata ba ta yi masa tayi: akuya biyu da gindin zaitun guda, ya bar mata tudun. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

"Matar Yaya, ke da marigayi kun shekara ashirin kuna azabtar da shuka. Kun jefar da ita cikin tsakuwa kamar marainiya, ba ci ba sha. Ni kuwa albasar da ta bi ta hannun nan, da za a tara ta, da ta tsere wa dutsen can. Wannan ma ai albasa ce, kwalliya kawai ta yi."

"Shuka ta ka yi, Si Busalham, ko dakonta?"

Ya ce ilimi ba ya bambance wannan. Daga baya Mufaddal mai matsar zaitun, wanda ɗan wansa ya yi ci-rani a can, ya tsegunta mata gaskiya. Shekara goma sha ɗaya Busalham ya yi a cikin wata rumfa, wuƙa a hannu, yana share wa albasa saiwa ana jera ta a kwali. Ko sau ɗaya bai ga inda take fitowa ba.

Ranar kasuwar Alhamis ya zauna a wurin mai shayi ya baje shirinsa. Kai ɗari da arba'in zai zama dubu kafin shekara ta zagayo, kowane fure kamar faifai. A nan ya yi kiciɓis da Mu'allim Tuhami, tsohon mai kula da lambun wani babban gida a Tanja, wanda ya shekara biyar yana roƙon Mannana farar sausan tana ba shi kai biyar-biyar kamar magani. Busalham ya kama gashin bakinsa a gaban jama'a ya rantse da shi: ranar shigar shekarar manoma, da tsakiyar hunturu, Tuhami ya zo da mota, da hannunsa zai loda masa farar sausan. In ya saɓa, a kawo aska.

Da ganye ya bushe sai ya shiga tudun da diga. Mannana tana ƙasa tana jin kowane sara a ƙirjinta. Ya tone kawunan kaf, ya zube su a tabarma bakin hanya, ya zauna ya wasa wuƙa, maƙwabta suka taru. Ya ɗaga kai guda sama ya nuna musu saiwoyin, ya ce a ƙasashen da aka ci gaba ba mai kallon albasa mai gemu. Ya yi mata ƙwal. Ya ɗauki ta biyu.

"Rumbunta kake yankewa, Si Busalham," in ji Mannana.

"Gemu ne, matar Yaya. Ke ma in kin ga namiji da tsafta ai kin fi taya shi da daraja."

Mufaddal ya ce wanzami in ya gama ya biyo ta matsar zaitun, akwai alfadari biyu da suke jiran layi. Busalham ya ci gaba da yanka. Hannunsa dai gwani ne, wannan ba a hana shi. Kafin la'asar ya aske ɗari da arba'in, ya wanke su da sabulu, ya jera su a kan soro suna ƙyalli kamar ƙwai.

Mannana ta juya za ta shige gida don kada a ga idonta, sai ta lura da tarin saiwoyin. Mutumin ya saba da yankan albasa, yana zurfafa wuƙa, saboda haka da yawa daga cikinsu sun fito da ɗan ɓallin gindin kan a manne. Ta tuna wata shekara da saiwa ta ɓalle wa Ayyashi haka, ya binne ta a busasshen yashi yana ta salati, hunturu na zuwa ta yi tsiro.

Da wata ce da ta roƙa. Mannana ta kama ƙugu ta fara faɗa, wai an tara mata shara a hanyar da take bi da jaki, ƙudaje za su cinye ta. Busalham ya ce ta share mana. Ta ce ita ba baiwar gidan ubansa ba ce. Ya ce to ta kwashe ta ba akuya. Ta ce akuyarta ba ta cin abin da aka yar, kuma gobe in akuyar ta yi ƙiba zai zo ya ce da rabonsa a ciki, ta san halin masu gado. Haushi ya kama shi. Ya kira Mufaddal da maƙwabciyarta Rahimo da liman da ke wucewa, ya ce su shaida ya bar mata sharar nan halak malak, duniya da lahira. Ta ce ai wahalar kwasa ba ta shiga ciki ba. Sai da ya shiga gida ya ɗauko mata kan sukari guda kafin ta sunkuya, kuma ta sunkuya tana ƙunƙuni.

A bayan garken jaki ta zaɓe masu ɓallin gindi, sittin da 'yan kai, ta binne su cikin yashin rafi a fasassun tukwane, ta tura su ƙarƙashin rumfa inda ko raɓa ba ta sauka.

Busalham ya mai da askakkun kawunansa ƙasa, ya lulluɓe su da kashin awaki. Sannan ya sauka Tanja ya dawo da injin ban-ruwa da mesa mai tsawon zance. Ana tsakiyar rani, ɓaure na fashewa don zafi, ƙadangare ma na neman inuwa, shi yana tsaye a tudu safe da yamma cikin takalmin roba yana kwarara ruwa yana waƙar Ispaniyanci. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. A kwana na huɗu Mannana ta ga katangar da ke tsakaninsu tana zufa, layinta na farko ya yi duhu.

Ta hau ta same shi. Ya ce ta gode wa Allah, sadaka yake mata, wasu sai sun biya. Ta ce ya riƙe sadakarsa ya kai masallaci. Ta haƙa rami a gindin katanga don ya janye ruwan, ramin ya cika ya tumbatsa. Ta kai ƙara wurin dattawan ƙauye. Dattawa suka je, suka sha shayinsa kofi uku-uku, suka ji labarin wani lambu a Ispaniya da ake zagaya shi da jirgi, suka dawo suka ce mata ruwa rahama ne, tun kakanni ba a taɓa jin an hukunta mutum don ya ba maƙwabci ruwa ba. Ta ce to Allah ya saukar musu da irin rahamar a ɗakin ajiyar garinsu.

Katanga ta yi ciki. Rahimo ta ce wata bakwai ne, Mufaddal ya ce tara, a nemo ungozoma. Ranar wata Juma'a, daidai ana dawowa daga masallaci, ta haihu. Busalham yana tsaye a kanta da mesa a hannu, suka taho tare, shi da duwatsu da taɓo, suka zube a kan layi biyu na Mannana. Mesar ta kuɓuce tana wutsil-wutsil kamar maciji, ta yi wa liman wanka na biyu, ta bi sahun dattawan nan ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake kowa ba. Da aka zaro Busalham, takalmi ɗaya ya tafi, abin da ya fara faɗa shi ne a Ispaniya ba a gina katanga haka.

Mannana ta tona layukan nan biyu da yatsunta. Duk sun ruɓe. A ranar dattawa suka gano cewa ashe ruwa ma yana da iyaka, suka sa ya karkatar da shi rafi. Nasa tudun dai ya ci gaba da sha.

Kaka ta shigo, aka yi ruwan farko. Sauran layukan Mannana, waɗanda suka gasu cikin tsakuwa rani guda, suka huda ƙasa cikin mako. Tudun sama shiru, sai taɓo da kwaɗi. Mufaddal ya tambaye shi ko kiwon kwaɗi ya koma, don ya ji an ce akwai Turawa a Tanja masu cin cinyarsu. Busalham ya ce jahilci ciwo ne. Shukar, yunwa take ji, shekara ashirin na horo ba ya gyaruwa da kashin akuya. Ya sayi jujin garken Mufaddal ɗungurungum, kashin alfadarai na shekara guda, alfadaran da ba su san wani abinci ba sai sha'ir. Ya shimfiɗa shi kamu guda, ya kafa rumfar leda a kai, ya yi mata ƙofa da kwaɗo. Ya ce don kambun baka ne, musamman na wata da ba zai kama suna ba, mai jaki.

Kwana tara sai ga shi yana gudu cikin ƙauye, jallabiya a hannu. Shuka ta fito. Ba ɗari da arba'in ba, ba dubu ba, ta ƙi ƙirguwa. Ba ya barin kowa ya leƙa, amma kullum yana kawo awo wurin mai shayi: yau taƙi, jibi kamu, wani mako gwiwa.

Mannana ta sami wata 'yar ɓula a ledar ta kanga ido. Kallo ɗaya ya ishe ta, tun tana shekara bakwai take yankan sha'ir. Tana ɗagowa ta gan shi tsaye a bayanta yana murza gashin baki.

"To, matar Yaya? Faɗi gaskiya, ko da ɗaci."

"Wallahi, Si Busalham, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin sausan ta yi haka ba."

Kafin magariba ƙauye duk ya ji cewa Mannana ta sallama. Yakan tsaya a kan rusasshiyar katanga ya dubi nata masu gajeren ganye mai faɗi, ya girgiza kai ya ce kumburin yunwa ne. Nasa sun kai ƙugu, sirara, 'yan gayu. Da suka fara fitar da kai, ya zo da albishir cewa tohon furen ma da gashi yake fitowa, irin na Turai ke nan. Mufaddal ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya ce ba komai, alfadaransa ne suka ce a gaishe da Si Busalham.

Ranar shigar shekarar manoma ta zo da rana mai kyau. Busalham ya yanka rago, ya sa an turara kuskus, ya ɗauko masu algaita da ganga daga ƙauyen gaba. Mu'allim Tuhami ya iso da mota cike da akwatunan katako. A hanyarsa ta hawa ya tsaya a gonar Mannana, wadda ta yi shuɗi fes kamar an zazzage sama a kan tsakuwa, ya daɗe yana kallo. Busalham ya jawo hannunsa ya ce ya bar ɓata ido a kan na talakawa.

Ya hau kan dutse ya yi jawabi. Ya gode wa Ispaniya, ya yafe wa masu hassada, ya yi wa marigayi addu'ar Allah ya gafarta masa abin da bai sani ba. Ya ce furen bai buɗe ba tukuna don bai ga rana ba, amma da an yaye ledar za su gani da idonsu. Aka saki algaita. Maza huɗu suka kama leda suka ja.

Sha'ir ne, kore shar, ya yi kai, iska tana kaɗa shi. Manoma kusan sittin ne a wurin. Ganga ta yi shiru, algaita ta ƙara taku biyu ita kaɗai ta mutu.

Tuhami ya matsa, ya ciro zangarniya guda, ya murza a tafi, ya hura, ya jefa a baki. Ya ce sha'ir mai kyau ne, Allah ya sa albarka. Sannan ya tambaya a hankali ina sausan ɗin.

"Sausan ke nan, Mu'allim. Gashin ne ya ruɗe ka."

"Gemun da ka aske a ƙasa ne ya fito ta sama," in ji Mufaddal.

Nan wuri ya ɓarke. Liman ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Busalham ya ce ko da an sami ɗan sha'ir a ciki, ai inuwa yake yi wa kawunan, suna nan ƙasa kowane kamar kan jariri. Ya naɗe hannun riga ya zurma hannu cikin taɓo har gwiwar hannu, ya laluba, ya damƙo wani abu ya ɗaga sama don kowa ya gani. Abin ya tsiyaye ta tsakanin yatsunsa. Warin ya kori sahun gaba, mai algaita ya bar algaitarsa a ƙasa. Ana cikin haka alfadaran Mufaddal, da aka ɗaure a gindin zaitun, suka tsinke igiya suka shigo karɓar kayansu. Busalham ya bi su da mesa, ƙafarsa ta harɗe da ita, ya tafi da fuska cikin takin da ya saya da kuɗinsa.

Tuhami bai yi dariya ba. Ya share hannu ya ce an kashe abin da ba a sayarwa a kasuwa, ya nufi motarsa. Mannana ta tare shi ta ce ba a zuwa ƙofarta a koma ba shayi, ko da mutum ya ci amanar ciniki. Ta bi da shi ta bayan garken jaki, jama'a suka biyo. A cikin fasassun tukwane tsiro arba'in da ɗaya suna tsaye, kowane da ganye biyu kamar kunnen ɓera. Ta ce farar ce, amma sai ta shekara uku kafin ta yi fure. Tsohon ya durƙusa a gaban tukwanen kamar ya ga jikansa.

Busalham ya kutso, taki har gira, ya ce saiwarsa ce, daga tudunsa ta fito. Mannana ba ta ko dube shi ba, ta dubi liman. Liman ya ce halak malak, duniya da lahira, da kunnensa ya ji. Rahimo ta ce har da kan sukari, ita ma ta sha shayin. Wani daga baya ya tuna da rantsuwar ranar kasuwa, ya ce motar ga ta nan, farar sausan ce ba a loda ba. Mufaddal ya ce yana da aska a aljihu, ta alfadarai ce amma tana ci.

Busalham ya dafe gashin bakinsa da hannu biyu. Muryarsa ta sauko. Ya ce matar Yaya, ai jini ba ya zama ruwa, ta sayar masa da talatin ya miƙa wa Mu'allim ya fita kunya, ga inji ga mesa ta ɗauka. Ta ce ta ga aikinsu, ta gode. Ya ƙara da ledar, ya ƙara da jaka mai taya. Ta ce bari ta ba kaji dawa, ta tafi ta daɗe. Da ta dawo ta ce tsiro uku, a bakin tudun sama. Ya ce ƙasar ubansa a kan ganye shida? Ta ce ƙasar ubansa yanzu juji ce, sai an shekara biyu ana wanke ta kafin sausan ta yarda ta zauna, ita ce ma za ta yi asara. Ya ce ashirin. Ta tafi duba jaki.

Dattawa suka sa baki, suka ce ta dubi zumunci, ta dubi marigayi. Ta ce marigayin take dubawa, shi ya sa ba ta ce biyu ba. Kuskus ya huce, la'asar ta yi, Mufaddal yana wasa aska a tafin hannunsa inda Busalham zai gani. Ya sauko goma sha biyu, ya sauko goma, ya ce ko Bayahuden Tanja na da ba ya ciniki haka. Ta ce shi ya sa ba a ba shi gadon Ayyashi ya kashe ba. Tuhami da kansa ya roƙe ta, ya ce ko guda nawa ne zai raine su kamar 'ya'yansa.

Mannana ta gyara zaman malafarta, ta dubi tukwanen, ta yi tsaki kamar wadda ake cire wa haƙori.

"Bakwai. Ka ba ni tudun da sha'irin da alfadarai suka rage, ka kwashe takinka da kwando a kanka, ka tayar mini da katangata dutse bisa dutse. Kuma Rahimo ce za ta kai tukunyar mota, kai ka ɗora yatsa ɗaya a gefe don rantsuwarka ta fita. Tsiro bakwai, Si Busalham, kuma wallahi ka cuce ni."